Gaisuwar Fada ga Mai Martaba Sukari da Wazirinsa

Allah ya ja zamaninka, farin sarki, mai shiga gida ba sallama, angon shayi, uban koko da kunu, mai alkyabbar buhu da rawanin kwali. Kai ne wanda yaro ke wa kuka, tsoho ke aike a sayo, mai haƙori da mai wawulo duk sun yi maka mubaya'a. Ƙasar Damagaram ta ga sarakuna. Tanimun ya gina ganuwa ya ƙera igwa, Faransa ta zo da harajinta da aikin dolenta, sojoji da farar hula sun yi ta karɓeɓeniya a Yamai. Cikinsu duka babu wanda ya taɓa karɓar haraji daga Wacha zuwa Malawa, daga Bande zuwa Dogo-Dogo, talaka na rugowa da kansa da sassafe yana miƙawa yana godiya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 900 a Magariya da Dungas, kuma da wuya a sami bakin da bai san ɗanɗanon mulkinka ba. Ba ka da dogari ko ɗaya. Ƙullin leda na dala biyar ya ishe ka.

Masu hassada sukan ce kwaɗayi ne kawai ya ɗaure maka gindi. To, malaman manyan jami'o'in duniya sun wanke ka, sun tabbatar cewa sarautarka ta wuce harshe, can cikin ƙwaƙwalwa ka kafa fada. Shaidun da suka kira kuwa ɓeraye ne. Ɓeran da mu a nan muke bi da tarko da kyanwa da ƙotar fartanya, a can ɗaki aka ba shi, mai tsabta, ba zafi ba sanyi, da ma'aikata masu farar riga suna auna nauyinsa suna rubuta abin da ya ci. Wanda duk ya raina ɓera bai ga darajar da ya taka a Amurka ba.

Ga yadda abin yake. A 1973, a jami'ar Johns Hopkins, Candace Pert da Solomon Snyder sun nuna cewa akwai wasu ƙofofi a ƙwaƙwalwa da mofin da danginsa ke shiga ta cikinsu su kashe zafi su kawo daɗi. Aka yi ta mamaki: me ya sa jiki zai zo duniya da ƙofar da mabuɗinta ke cikin wani fure? A 1975, a Aberdeen, John Hughes da Hans Kosterlitz suka ba da amsa. Ashe jiki na ƙera nasa mabuɗan, sinadarai ne masu aiki irin na mofin, su ne ke sanyaya raɗaɗin ciwo, su ne ke sa mutum ya ji abinci ya yi daɗi. Waɗannan ƙofofi su ne tiramol ke ƙwanƙwasawa, su ne kodin ke ƙwanƙwasawa. Kai kuwa, gagara-gasa, ba ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Kana taɓa harshe sai masu gida da kansu su ɗauko mabuɗi su buɗe maka. A jami'ar Michigan, Kent Berridge ya gano wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwar ɓera, bai wuce milimita ɗaya ko'ina ba, wanda in aka ɗiga masa sinadari mai kama da mofin sai ɓeran ya ninka lasar baki a kan zaƙi. Sarakunan da suka gabata sai da suka kewaye gari da ganuwa kafin su sami natsuwa. Kai wurin da bai kai ƙwayar gero ba ka zauna, ka mallaki mai gidan.

Amma babban shaidarka shi ne marigayi Bart Hoebel na jami'ar Princeton, Allah ya saka masa gwargwadon hidimar da ya yi wa fadarka. Shi da almajiransa, Carlo Colantuoni da Pedro Rada da Nicole Avena, sun tsara wa ɓerayensu rayuwa mai ban sha'awa. Kowace rana a hana su abinci awa 12. Sannan a buɗe musu, a aje abincinsu na kullum, a gefe kuma ruwan sukari mai kauri. Cikin kwana goma ɓerayen sun ninka abin da suke sha, kuma a awar farko sai su yi ta kwankwaɗa, ba ɗaga kai. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu bayan wata guda sai aka tarar ƙofofin nan na mofin sun sauya. A 2002 suka yi gwajin da ya ɗaga sunanka sama. Akwai wani magani, naloksan, wanda likitoci ke yi wa wanda ƙwaya ta kusa kashewa allura, aikinsa ya toshe ƙofofin nan. Da aka yi wa bayinka ɓeraye wannan allura sai haƙora suka kama kaɗawa, ƙafafun gaba na rawa, kai na girgiza, tsoro ya hana su fita fili. Daidai abin da ake gani ke nan ga ɓeran da ya saba da mofin aka yanke masa. Wane sarki ne in an raba shi da talakawansa awa ɗaya jikinsu zai hau ɓari don bege? Har an lura cewa in aka yi musu mako biyu ba kai, ranar da aka dawo da kai sun fi da himmar nema, kuma sun fi sauran ɓeraye karɓar giya. Ba ka da rowa, ranka ya daɗe, kana share wa 'yan'uwanka hanya.

Faransa ma ba a bar ta a baya ba. A 2007, a Bordeaux, Serge Ahmed da abokan aikinsa sun aje wa ɓeraye madanni biyu. In ɓera ya danna wannan a zuba masa hodar iblis cikin jijiya, in ya danna wancan a ba shi ruwa mai zaƙi. Kashi 94 cikin ɗari suka juya wa hodar baya suka bi zaƙi. Hodar da ake tsallaka Sahara da ita a ɓoye, ake harbe-harbe a kanta, ake cika gidajen kaso saboda ita, ga ta ta sha ƙasa a gaban sakarin, ɗan aikenka da masu zoɓo da ƙanƙara ke saya a ƙulli. In ɗan aike ya yi wannan, ina ga mai gayya?

Nan ne fa 'yan adawa suka taso. A 2016 wasu malamai uku na jami'ar Cambridge a Ingila, Westwater da Fletcher da Ziauddeen, suka bi dukan waɗannan gwaje-gwaje suka ce a yi hattara. Suka ce hujjar cewa sukari na kama ɗan Adam kamar ƙwaya ba ta da ƙarfi. Suka ce ko a ɓerayen ma, wanda aka bar wa abinci da sukari a gabansa dare da rana bai nuna wannan hauka ba, yana sha ne ya koma ya kwanta abinsa. Ɓarin jiki da kwankwaɗa sai ga wanda aka fara horarwa da yunwa, aka hana, aka ba, aka hana, aka ba. Su a zatonsu sun rage maka daraja. Ba su san sun yi mana babban alheri ba ne, domin sun tuna mana da wanda muka daɗe ba mu yi wa kirari ba.

Gaishe ka Yunwa, Wazirin Sukari, mai share fage, dogo na bayan rumbu, wanda ba ya ɗaga murya amma gari ya yi tsit. Ashe sarki ba ya cin yaƙi sai ka riga shi isa. Dubi irin wahalar da Princeton ta sha kafin ta same ka na rabin yini: sai da aka nemi kuɗin bincike, aka sayi keji, aka ɗauki mai riƙe agogo, aka cika takardu. Mu kuwa a Magariya da Dungas kyauta kake zuwa mana, kuma ba ka saɓa alkawari. Da zarar rumbu ya fara amsa kuwwa, daga shuka har zuwa kaka, ka sauka ke nan da kayanka. A 2005 ka yi hawan da duniya ta ji labari, har likitocin MSF suka zo Magariya suka kafa zango, kuma har yau ba su sami ranar naɗe tabarma ba. Tsarin da manyan furofesoshi suka yi shekaru suna gogewa, wato a hana ciki sannan a ba shi zaƙi, mu tun kafin su rubuta shi muke gudanar da shi a kan dubban mutane, ba keji, ba tallafi, ba ko mai rubuta sakamako. In da ana adalci a duniyar ilimi da an sa sunanmu a kan takardun nan.

Mai shakka ya je bakin tasha ko gindin wata bishiya inda samari suka kafa fada, ya zauna ya ga aiki. Yaro ne ɗan kabu-kabu, tun asuba bai sa komai a baki ba sai ruwa, rana ta take tsaka. Ga 'yar buta a kan gawayi, ganyen shayin ƙasar Sin na tafasa har ya yi baƙi. Mai dafawa ya ciji bakin leda, ya cika ƙaramin kofin gilas da sukari har ya yi tozo, ya juye cikin butar da ruwanta bai fi kofi huɗu ba. Ya ɗaga hannu sama ya tsiyayo, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta hau rabin kofi. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ƙara sukari. Yaron nan ya karɓa da yatsu biyu ya zuƙe da ƙara. Kafin a ɗora na biyu idonsa ya buɗe, ciwon kai ya tafi, ya fara ba da labarin ƙwallo. Na uku kuwa kusan sukarin ne zalla da ɗan launi. Ya tashi ya hau babur, bai ci komai ba, kuma in ka tambaye shi zai ce maka ya karya. Wane gwamna ne ya taɓa ciyar da mutum da abin da ba abinci ba har mutumin ya yi hamdala? Gobe war haka in shayin ya yi jinkiri za ka gan shi yana hamma yana faɗa da fasinja, to wannan ba komai ba ne illa begen masoyi.

Alherin da ya fi kowanne girma shi ne wanda sarki ya yi wa jarirai. A 1987 Elliott Blass da abokansa sun nuna cewa in aka ɗiga wa jaririn ɓera ruwan sukari a baki sai ya rage kukan neman uwa, ya ƙara jure zafi, kuma in aka toshe ƙofofin nan na mofin sai kukan ya dawo. Daga baya asibitoci suka riƙa ɗiga wa jariran mutane ɗan ruwan sukari kafin a tsaga musu diddige a ɗebi jini. Su ɗigo biyu suke yi, na minti ɗaya. Mu da yake mun fi su zurfin tunani sai muka mai da shi tsarin yaye. Uwa na da yaro a goye, wani a ciki, miji ya tafi cin rani Kano. Babu madara, babu ƙwai, wake da gyaɗa an sayar tun kaka don biyan bashi. Sai a dama koko tsararo, a zuba ƙulli guda, a ba yaro. Nan take ya yi shiru. Kukan yunwa ƙara ce da yaro ke kaiwa, kuma sarkinmu mai adalci ne, ba ya barin ƙara ta kwana a fadarsa, sallamar mai ƙarar yake yi. Ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja, amma gida lafiya lau, ba hayaniya. A Satumban 2018 MSF ta ba da sanarwar cewa a sashen yara na Magariya ana rasa kimanin yara goma kowace rana, tsakanin zazzaɓin sauro da tamowa. Masu son ɓata suna za su ce a tambayi waziri. Mu dai mun shaida cewa ko a can ɗin, abincin gyaɗa na leda da ake farfaɗo da yaran da shi, da ruwan gishiri na masu zawo, duk sai da aka roƙi sarki ya shiga ciki kafin su yi aiki. Ana ganinsa wajen rufe bakin yaro, ana ganinsa wajen ceto. Duk inda aka juya yana da kujera.

Wani abin burgewa ga sarkin nan shi ne ƙasaita. Fadamun Korama cike suke da rake, Magariya da Dungas da Matamai an san su da shi, ana loda motoci ana kai wa garuruwa masu nisa. Wani ƙaramin basarake da sai ya ce bari in fito daga gonar talakawana. Shi kuwa ina! Raken gida ya bar wa yara su tauna su tofar, ya bar mazarƙwaila ga ƙauyawa. Shi sai ya taso daga ƙasashe irin su Barazil, ya hau jirgin ruwa, ya sauka Legas ko wata tashar gaɓar teku, a wanke shi fari tas, ya hau tirela, ya ratsa shingaye ana sara masa, kana ya iso kantin da ke kallon gonar rake. Manomin da ya yi watanni cikin laka yana ban ruwa sai ya sayar da damin rakensa ya sayi ƙullin baƙo. Haka ya dace. Gidan sarautar da aka kwashi miliyoyin 'ya'yan Afirka aka tsallaka teku da su don su nome masa gonaki a Barazil da Haiti da Jamaika bai kamata a gan shi yana fitowa daga bayan gari kamar wani rogo ba.

Da watan azumi ya kama kuwa, sai hawan daba. Farashi ya ɗaga kai don girmama wata, 'yan kasuwa su yi ta kuka da tsadar hanya cikin tausayin talaka. Saurayin da bai kai kwalin sukari gidan surukai ba ya san matsayinsa. Ɗan siyasar da bai gina rijiya ba, bai gyara ɗakin haihuwa ba, in ya aiko da kwali goma masallaci sai a yi masa addu'ar da ko mahaifinsa bai samu ba. Ina ganin hikimarsa. Rijiya sai an jira shekara, ƙila ma ta ƙafe, sukari kuwa cikin daƙiƙa yake isa inda ake yanke shawara.

A dubi kuma yadda sarki ya fi ƙananan hakimai iya zama da hukuma. Tiramol, da yake ba shi da tarbiyya, yana shiga ta ƙofofin nan da takalmi, yana kayar da samari a titi suna farfaɗiya, shi ya sa jandarma da 'yan duwan ke farautarsa a kan iyaka. Kodin ya yi tashe a Kano har BBC ta yi fim a kansa a 2018, cikin kwanaki gwamnatin Najeriya ta hana shigo da maganin tarin da sarrafa shi. Sarkinmu bai taɓa kwana a caji ofis ba. Da Najeriya ta yi ƙarfin hali a dokar kuɗi ta 2021, naira goma ta ɗora wa kowace litar lemon kwalba, abin da ko goron gaisuwa bai kai ba. Sirrin shi ne ya san darajar malamai. A shekarun 1960 ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta ba wasu masana na jami'ar Harvard dala 6,500, su kuma a 1967 suka wallafa nazari a babbar mujallar likitoci suka ce ciwon zuciya laifin kitse ne, a ƙyale sarki ya huta. Ba a san da kyautar ba sai 2016, kusan shekara hamsin, domin mai karamci na gaskiya ba ya tallan alherinsa. Ita dai wannan ƙungiya ta biya kuɗin wani gwaji a kan ɓeraye a jami'ar Birmingham. Da ɓerayen suka fara nuna alamun da ba su dace da martabar fada ba, sai aka rufe jaka, aikin ya tsaya, ba a buga ba. Ko ɓera in ya manta ladabi a gaban sarki dole a sallame shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada babba ya wuce kamar giram 50 a rana, in da hali ma 25, wato ƙaramin cokali shida. A yafe musu, ba su taɓa zama a fada ba. Cokali shida ai a buta ta farko ake gamawa da su.

Sarki kuma ba ya manta tsofaffin bayinsa. Wanda ya yi masa hidima shekara da shekaru, musamman alhazai da 'yan kasuwa da matan manya waɗanda suka fi ƙarfin waziri suka riƙe sarki shi kaɗai da lemon kwalba da biredi, yakan yi musu naɗi. Ya fara sauke musu nauyin haƙora ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ba wasunsu cutar da ya yarda a sa mata sunansa, gatan da ko sauro bai cika samu ba. Mai wannan sarauta ba ya barci da yawa, yana tashi sau da dama cikin dare, abin da ke taimakawa wajen gadin gida. Ido yakan yi hazo, ya huta da ganin abin ɓacin rai. In ƙaya ta soke shi a ƙafa ba ya ji, ciwon kuma ba ya gaggawar warkewa, har a ɗauke shi a mota kusan kilomita ɗari zuwa babban asibitin Damagaram, inda wani lokaci akan rage masa kuɗin takalmi da rabi. Allurar insulin tana son sanyi, shi ya sa ta fi jin daɗin zama a birni, ba ta cika wahalar da kanta zuwa Guci ba.

Saboda haka muna miƙa goron gayyata ga magadan Hoebel. Su daina ɓarnar kuɗi a kan keji da agogo, su taho Dungas a watan Agusta da littattafansu. Za su ga hanawa da bayarwa a kan sikelin da ba su taɓa mafarki ba. Sai dai mu gargaɗe su kada su ce za su koma gida su maimaita abin da suka gani a kan ɓerayensu. Ɓeran Princeton an yi masa alkawarin cewa in awa 12 ta cika abinci mai gina jiki zai zo, kuma yana zuwa. A jami'o'insu akwai kwamitin da ke kula da haƙƙin dabbobin gwaji, wanda in ya ga ɓera ya rame fiye da ƙima sai ya tsayar da aikin ya kira malami ya yi bayani. Kwamitin nan ba zai taɓa sa hannu a kan irin tsarinmu ba. Wannan rauni ne nasu, kuma cikin ikon Allah har yanzu bai iso mana ba.